Bawul ɗin da aka ce in cire

Jiya na kwashe akwatin kayan aikina daga garejin da na shekara tara a cikinsa. Ba faɗa aka yi ba, har addu'a aka shafa. Yara biyun da na bari a can sun ce in rubuta musu abin da zai amfane su, da na zauna sai na ga darasi ɗaya ya cinye sauran, kuma a ƙarƙashin wata Golf 3 na koye shi.

Mai motar buhunan hatsi yake ɗauka daga Dawanau zuwa Zariya. Kukansa kullum ɗaya ne, in ya yi lodi birki ba ya ci. Sai ya samu GTI, wato Golf mai babban inji, 'yar Beljiyam da aka yanka a Ƙofar Ruwa, ya sayo ƙafafunta huɗu ya ce a juye masa. Kun san ƙaramar Golf 3 noti huɗu ce a taya, birkin duram a baya. Manyan, GTI da VR6, noti biyar, birkin faifai gaba da baya. Gaban ne mai cin gumi, don hob kaɗai ba ya shiga, sai an canza ƙafar dungurungum da hannun ƙasa da shaf, tunda haƙoran ba ɗaya ba ne. Baya kuwa sauƙinsa ne ke ruɗar mutum: ka kwance kusoshi huɗu na sandar da taya ke juyawa a kai, ka ɗaura ta GTI, ka sa faifai mai milimita 226 da kalifa (mai matse faifan) da wayar hambirki irin tasu. Kafin la'asar ka gama.

Ina kwance a ƙasa idona ya kai kan ɗan bawul ɗin nan mai sifirin da ke haɗe da aksil na baya. Aikinsa auna nauyi. In an yi lodi mota ta zauna, sifirin ya ja hannunsa, sai ya ƙara wa baya ƙarfin man birki. In babu kaya sai ya rage. Na wannan motar tsatsa ta cinye shi, ya ƙame a inda yake ganin kullum mota wayam take. Ashe shi ne ciwon tun farko, duram ɗin da muka jefar bai yi laifin komai ba.

Na fito na ce, "Oga, bawul ɗin lodi ne ya ƙame. In aka samo wani, magana ta ƙare."

Ko kallona bai yi ba. "Yau kai za ka koya min Golf? Cire shi, ka haɗa fayif kai tsaye, birki ya ci sosai."

An riga an yi cinikin babban aiki, an karɓi rabin kuɗi, wa zai koma ya ce wa mutum abin da ya kawo shi bai kai haka ba? Na cire. Da hannuna na haɗa fayif ɗin, wannan ba na ɗora wa kowa. Muka gwada da buhuna a ciki, tana tsayawa cak, direba har tukwici ya ba ni. Ban gwada ta babu kaya ba, kuma na san dalilin da ya sa ban gwada ba.

Duk lokacin da aka taka birki nauyi gaba yake komawa, baya ya yi sakayau. Shi ya sa gaba ke ɗaukar mafi yawan aikin. In tayoyin gaba suka kulle, mota miƙewa take yi tana ja. In na baya suka riga kullewa, gindin ne zai zagayo ya wuce kai. Bayan kwana tara aka yi ruwan farko, kwalta duk santsin mai, direban yana dawowa wayam, wajen Kwanar Ɗangora mai babur ya gitta masa. Ya taka. Mota ta yi katantanwa sau biyu ta faɗa rami. Allah ya tsare rai, amma yaron motarsa ya karye a hannu.

Da aka jawo ta gareji, a gaban direba da masu shayi da kowa, Oga ya ce ni ne ban cire iska a birki ba. Iska! Ko yaron da ya yi wata uku da sifana ya san iska laushi take sa feda, ba ta kulle taya. Na yi shiru, don a gidan koyo ba a ƙaryata maigida a gaban baƙo. Kuɗin fanabita daga adashena ya fita, wanda nake tarawa in sayi jek nawa na kaina. Bawul ɗin ma ni na sayo na mayar, da daddare, ba wanda ya tambaye ni dalili.

Sauran darussan kuwa ba su da yawa. Notin boris na baya ba a ɗaure shi tamau, a bar wosha tana ɗan motsi in an tura ta da sukundireba. Fistin na kalifar baya murɗa shi ake, ba a danna shi da ƙarfe. In ka ga notin cire iska na kalifa yana kallon ƙasa, ka sa kalifar dama a hagu ke nan. Bayan kowane aikin birki a nemi fili mai tsakuwa a taka da ƙarfi babu kaya, wani ya tsaya gefe ya ga wace taya ta fara ja. Kuma in an ba ka umarnin da cikinka bai kwanta da shi ba, maimaita shi da ƙarfi yadda wani zai ji, cikin ladabi.

Ba zan ce ban ƙaru da Oga ba. Kunnensa a kan inji babu irinsa a layinmu, da yawan abin da nake ci da shi yau daga hannunsa na samu. Amma jiya wajen sallama, bayan an shafa, sai da ya sake ba da labarin ranar da na manta iska a birkin Golf, kuka yi dariya, ni ma na yi. To, ga yadda aka yi.