Sati na bakwai da fayil ɗin GPX: inda na kai, da inda ƙanina ya ɓata

Salam 'yan uwa masu koyo irina. Yau sati bakwai kenan cif da na tsunduma wannan rigimar ta haɗa hanyar tafiya a babur ina zubawa a na'urar nuna hanya, kuma tunda na yi alkawarin zan riƙa faɗin inda na kai ko da kwaɓa na yi, to ga shi nan. Wannan satin akwai kwaɓa kam, amma bari in bi ta a hankali.

Wanda bai san farkon zancen ba, burina ba wani babba ba ne. So nake in haɗa hanya guda ɗaya mai kyau daga Kano har ƙofar Yankari, ta Wudil, Birnin Kudu, Ningi, Bauchi, a ɗau hanyar Gombe zuwa Dindima sannan a karya dama zuwa Mainamaji, in ƙunshe ta a fayil ɗaya wanda duk wanda na tura wa zai buɗe a wayarsa ko na'urarsa ya bi abinsa ba sai ya tsaya a gindin bishiya yana kirana yana "to daga nan kuma ina zan yi" ba. Shikenan fa. Na ɗauka aikin yammaci ɗaya ne.

Abu na farko da ya buɗe min ido shi ne ranar da na buɗe fayil ɗin GPX, wato irin fayil ɗin da ake ƙunshe hanya a ciki, a kwamfuta da manhajar rubutu ta yau da kullum. Ni da na zaci wani abin tsafi zan gani, ashe rubutu ne zalla, layi bayan layi, kowanne da lambobi biyu na inda kake a doron ƙasa, sai tsayin wurin daga teku, sai lokaci. Wani kamfani ne a Amurka mai suna TopoGrafix ya fito da tsarin a 2002, aka gyara shi zuwa 1.1 a 2004, kuma har yau shi ake ta amfani da shi, na'urorin Garmin su karanta, na TomTom su karanta, OsmAnd da Organic Maps na waya su karanta. Ku gwada buɗe naku wallahi, tsoron abin zai fita daga ranku.

A cikin fayil ɗin abu uku ne ke iya zama, kuma rashin bambance su ne ya kai ni ya baro. Na farko tirak, ni sawu nake ce masa, don sawun ne kawai, dubban ɗigo a jere na ainihin inda tayarka ta taka, na'ura ba ta isa ta canza shi ba sai dai ta zana maka shi a kan taswira ka bi. Na biyu rut, wannan kuma 'yan wurare ne kaɗan ka zaɓa ka ce a bi ta nan da nan da nan, abin da ke tsakani na'urar ce za ta lissafa da kanta da irin taswirar da ke cikinta. Na uku su ne tutoci, wato wuri guda da ka sa wa suna, gidan mai ko masallaci ko mai faci.

To ni rut na fi so tun farko don shi ne mai magana, shi ke ce maka saura mita 300 ka yi hagu, kuma fayil ɗinsa ɗan mitsitsi. Na ce bari mu yi gwaji da gajeriyar tafiya kafin a kai ga ta Yankari, na tsara mana zuwa dam ɗin Tiga, mu tafi ta Kura mu dawo ta Rano. Tiga dai kun sani, aikin zamanin Audu Bako ne, an gama shi a 1974, kuma wurin zuwa ne mai daɗi da safe. Na sa wurare biyar kacal a rut ɗin, na duba a allona layin ya kwanta lafiya lau a kan kwalta, na tura wa ƙanina na ce ga shi nan ka zuba a taka. Ni na riga shi tashi da kaman minti arba'in don akwai wanda zan gani a hanya, muka yi da shi mu haɗu a bakin ruwa.

Na isa na zauna na sha shayi na ci wainar wata baiwar Allah, shiru. Sai wajen sha ɗaya ga kira, murya can ƙasa-ƙasa, "Yaya, wai kai ta cikin rafi ka bi?" Na ce wane rafi kuma? Ashe tasa na'urar an saita ta a kan hanya mafi gajarta, tawa kuma a kan mafi sauri, taswirarmu ma ba iri ɗaya ba ce, da ta ga tazara mai tsawo tsakanin wuri na biyu da na uku babu abin da ya ɗaure ta sai kawai ta yanke masa ta wata hanyar burji, burjin ya koma turbar shanu, turbar ta ƙare a bakin rafi, ga shi an kwana ana ruwa. Ya ce yana tsaye taɓo har idon sawu, na'urar kuma sai nanata masa take ya ci gaba kai tsaye. Wani dattijo ne da fartanya a kafaɗa ya same shi a nan, ƙanin nawa ya gaishe shi ya ce Baba don Allah nan ce hanyar Tiga? Tsohon ya dubi babur ya dubi abin da ke maƙale a kansa ya ce "Yaro, da rani dai hanya ce. Wannan akwatin naka da rani aka ba shi labari." Shi ya nuna masa inda zai koma ya hau kwalta. Matambayi ba ya ɓata aka ce, amma fa sai da ya ci awa ɗaya da rabi da wankin babur.

Laifin nawa ne ba na kowa ba, don ni na tura masa abin da ban fahimta ba. Abin da na gani a allona ba shi ke cikin fayil ɗin ba, wurare biyar ne kawai a ciki, layin mai kyau ɗin nan lissafin na'urata ne kuma a wurina ya tsaya bai bi fayil ya tafi ba.

Don haka yanzu ga yadda nake yi. Duk fayil ɗin da zan ba wani sai na sa sawu a ciki, kuma sawun da na bi da ƙafafun babur ɗina ba wanda na zana ina kwance a ɗaki ba. In mutum na son muryar da ke cewa yi hagu yi dama sai in haɗa masa da rut, amma in ce ya bar sawun a buɗe da wata kala daban, ja ko shuɗi, duk inda ya ga layin na'ura ya rabu da sawu to sawun zai bi. Shi kuma rut ɗin na daina yi masa rowar wurare. Akwai iri biyu da ake sawa, wanda na'ura ke sanar da kai in ka iso, ni zango nake kiransa, da wanda ba ta ambata sai dai ya riƙe layin kar ya kauce, shi kuma turke. Irin su zumo na Garmin suna ɗaukar zango 29 ban da inda za ka sauka, da turke har 125 tsakanin kowane zango biyu, ka ga ba ka da uzurin barin tazara sakaka. Dabarar da na gano da kaina bayan na sha wuya ita ce kar ka kafa turke a tsakiyar mararraba, ka kafa shi ɗan gaba kaɗan bayan an karya kwana, a kan ainihin hanyar da kake so a hau. In titi mai hannu biyu ne irin na Kano zuwa Wudil kuma ka zuƙo taswirar sosai ka tabbata a hannunka ka sa shi, in ba haka ba na'ura za ta sa mutum ya je ya juyo don kawai ya taɓa ɗigon da ke ɗaya hannun.

Wata 'yar kwaɓar kuma ta ban dariya. Na tashi kwafe wata tuta da hannu daga fayil ɗin KML, irin wanda Google My Maps ke fitarwa, ban san shi KML lambar gabas yake fara rubutawa kafin ta arewa ba. Kano tana wajen 12.00 arewa da 8.52 gabas. Da na juya su sai na nemi tutata na rasa, na yi ta janyo taswira, can sai ga ta a jihar Adamawa kusa da Ganye. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne, don haka kuskuren lamba ɗaya ba wasa ba ne. Lambobi biyar bayan ɗigo sun ishe ka, wannan ya kai ka daidai da kusan mita ɗaya.

Amma in kun tambaye ni abin da ya fi komai daraja a fayil, tutocin ne. Hanyar Kano zuwa Bauchi ai ko ba na'ura direban haya zai gaya maka. Abin da taswira ba ta sani ba shi ne wanda ka gani da idonka. Na sa tuta kafin gadar Wudil na rubuta "Juma'a kasuwa, cunkoso, a wuce da sassafe", don duk wanda ya taɓa faɗawa cikin tirelolin shanu ranar kasuwar Wudil ya san me nake nufi. Na sa a Birnin Kudu wajen duwatsun nan masu zanen mutanen da, Dutsen Habude da Dutsen Mesa, don wallahi asara ce mutum ya wuce fuu bai tsaya ya gani ba. Sai gidajen man da na sha mai da kaina, da masu faci, da inda akwai inuwa da ruwan alwala. Sunan tuta kuma gajere nake yi, babu ƙugiya a haruffa, don wasu tsofaffin na'urori suna yanke dogon suna ko su mayar da ƙ da ɗ wasu 'yan akwatuna. Kuma a sunan fayil ɗin kansa nake sa wata da shekara, da kalmar rani ko damina. Wannan karatun dattijon bakin rafi ne.

Sai batun gyara sawu kafin a bayar. In ka bar waya tana ɗaukar ɗigo duk daƙiƙa, tafiyar awa shida ɗigo 21,600 kenan, na'urori da yawa kuma 10,000 ne iyakarsu a sawu ɗaya, wasu tsofaffin ma 500. Ina rage su a shafin intanet na gpx.studio, masu son harkar kwamfuta sosai kuma akwai GPSBabel. A nan ne nake goge inda na yi ɓatan kai na dawo, da inda na zagaya neman masallaci, da tarin ɗigon da ke taruwa kaman gidan tururuwa in ka tsaya cin abinci ba ka kashe ɗauka ba.

Kuma don Allah ku yanke farko da ƙarshe. Fayil ɗina na farko da na tura wa mutane daga ƙofar gidanmu ya fara, har da lokacin da na fito da lokacin da na dawo, sai daga baya na lura gabana ya faɗi. Yanzu daga Mariri nake farawa, lokutan kuma in goge su gaba ɗaya. Af, in kun ga lokacin fayil ya yi baya da awa ɗaya ba lalacewa ya yi ba, da agogon duniya na UTC yake rubutawa, mu kuma muna gaba da awa guda. Sannan ba na sakin hanya sai na dawo gida, ba na shelar ranar da zan bi ta, dare kuma ba ya same ni a daji, kun dai san halin da hanyoyinmu ke ciki.

Masu tambaya ko sai da data, a'a. Ita waya sauraren taurarin ɗan'adam kawai take yi, in ta kama huɗu ta san inda take, taswirar ce dai sai ka sauke ta tun a gida inda akwai sabis. Abin da zai dame ka shi ne rana da jijjiga. Waya a kan babur cikin zafin azahar tana iya ɗaukar zafi ta rage haske har ka kasa ganin komai, na yi mata 'yar rumfa da guntun roba ya ɗan taimaka. Jijjigar kuma ko Apple sai da suka yi gargaɗi a 2021 cewa girgizar injin babur na iya lalata kyamarar iPhone, don haka tsohuwar waya na ware wa wannan aikin, mai kyan tana aljihu. Cajar ma na sa mai gyara ya haɗa min ta bayan makulli da fis ɗinta, don kar ta tsotse batir in na kashe mashin.

Inda aka kwana yanzu: Mariri zuwa Birnin Kudu na gama, sawu da tutoci duka. Dindima zuwa Mainamaji, kusan kilomita 30 ɗin nan, shi ma yana hannu, kuma a ƙofar na tsayar da sawun, daga nan zuwa sansanin Wikki akwai kusan wasu 40 a cikin daji amma wannan dokar masu wurin ce ba ta fayil ɗina ba. Cikin abin da ya rage min akwai Ningi zuwa Bauchi, don ranar da na bi wayar ta mutu a hanya, sai ta ja min miƙaƙƙen layi ɗaya ta kan duwatsu sai ka ce a jirgin sama na tafi. Sai na sake bi in Allah ya kai mu. Mai tsohuwar na'ura irin mai ɗaukar ɗigo 500 ɗin nan ya yi min magana in ba shi ya gwada min ko zai buɗe. Ƙanina dai ya ce shi ba zai ƙara gwada min komai ba sai ruwa ya ɗauke.