Saba ta wuni tana jiran kanta

Talata, bayan isha'i.

Tun ƙarfe tara na safe nake kan matsala ɗaya, sai bayan la'asar Allah Ya warware min ita. Bari in rubuta tun tana sabuwa a kaina.

Aikin na wani Alhaji ne mai atamfa da shadda a Kantin Kwari. Yaransa da waya suke ɗaukar hoton rasit da takardun kaya, hotunan sun cika wayoyi, wasu ma sun salwanta. Muka haɗa masa ma'ajiya a kan sabar ofishinmu da ke Zoo Road (saba ita ce kwamfutar da ke yi wa sauran na'urori hidima), irin mai jin yaren S3, tsarin ajiyar fayiloli ɗin nan da Amazon ta fito da shi a 2006: ka zuba kayanka a wurin ajiya da ake kira bokiti, ba a buɗe maka sai ka nuna shaida. Ni kuma ban yarda kowane yaro ya riƙe mabuɗin dindindin a wayarsa ba, don waya tana faɗuwa a adaidaita sahu. Sai na tsara cewa yaro ya shiga manhajarmu, manhajar ta karɓo masa mabuɗin wucin gadi daga ma'ajiya, ita kuma ma'ajiyar kafin ta bayar ta tambayi wani adireshi ko tikitin shigar yaron na gaske ne.

Na danna gwaji. Shiru. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ɗan layin nan kawai yake ƙiftawa a baƙin allo. Daƙiƙa 30 cif sai Gunicorn, shirin da ke tafiyar da manhajarmu, ya rubuta WORKER TIMEOUT, wato lokaci ya ƙure wa ma'aikacinsa mai amsa buƙata, ya kashe shi, ya tada sabo. Na sake, haka. Na sake, haka.

Agogo na fara zargi. An ɗauke wuta cikin dare, inbata ta mutu, kuma ɗan batirin da ke riƙe lokaci a cikin injin ya daɗe da yin sanyi. Na duba, agogon yana baya da minti 20. Sa hannun S3, wanda ake kira SigV4, yana ɗaure kowace buƙata da lokacin da aka aika ta, kuma in bambancin wannan lokacin da agogon ma'ajiya ya haura minti 15 ba a karɓa. Raina ya yi fari, na ce an zo wurin. Na aiki ɗan koyonmu Farm Centre ya sayo sabon batirin, CR2032, na sa shirin saita agogo mai suna chrony ya daidaita lokaci, na sake gwadawa. Shirun yana nan daram.

Da muka fito daga sallar azahar nake ba ogana labari muna saka takalma. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Malam, da agogo ne da tuni ma'ajiyar ta jefo maka 403, lambar hana shiga, ta ce lokacinka ya karkace. Wanda ya hana ka ai ya amsa maka. Wannan jiran wani take yi, nemo wanda take jira." Maganar nan ta tsaya min a rai. Awa uku ina neman dalilin ƙi, alhali ba a ƙi ni ba.

Na raba allo biyu. A sama na saki gwajin, a ƙasa na buga ss -ltn, umarnin da ke nuna ƙofofin da saba take saurare a kansu. Ga ƙofa ta 8000, inda manhajarmu take saurare, ga lamba 1 a ƙarƙashin Recv-Q, layin masu jira: wani ya ƙwanƙwasa yana tsaye, ba wanda ya buɗe masa. Na sa tcpdump, shirin da ke leƙa saƙonnin da ke shiga da fita, in ga waye. Ashe ma'ajiyar ce da kanta.

Nan komai ya fito fili. Adireshin tantance tikitin a cikin manhajar guda na ajiye shi, Gunicorn kuwa in ba ka faɗa masa adadi ba, ma'aikaci ɗaya yake tayarwa, mai yin aiki ɗaya a lokaci guda. Kamar mai shago ne shi kaɗai ya kulle ya tafi karɓo kaya wurin dila, dila ya ce sai ya aika shagon an tabbatar masa, ɗan aike ya iske ƙofa da kwaɗo ya zauna jira. Kowa yana jiran kowa.

Na mai da ma'aikata 4, gwaji ya wuce cikin ƙiftawar ido, hoton rasit ya faɗa bokiti. Ɗan koyon ya ce, "Yaya, shi ke nan mu tashi?" Na ce a'a. Wannan lulluɓe ciwo ne kawai. Ranar da yara huɗu suka danna tare a tsakiyar ciniki, duka ma'aikatan huɗu za su tafi wurin dila, shago ya sake zama a kulle, kuma a gaban Alhaji zai faru. Sai na ciro ɓangaren tantancewar na ba shi gidansa daban a ƙofa ta 8001, ba abin da yake yi sai amsa wa ma'ajiya. Na kuma rage haƙurin boto3, abin da manhajarmu take magana da ma'ajiya da shi, wanda a asali yake jiran daƙiƙa 60, na mai da shi 5, don in wani abu ya maƙale ya yi magana da wuri.

Na aika buƙata 50 a tare kafin magariba, duk sun wuce. Gobe in sha Allahu zan shiga Kwari da kaina in gwada da wayoyin yaran daga can cikin layi, inda sabis yake wahala.