Yau mun kai ta ɗakinta

Asabar, Jos.

Sanyin yau ya fi na jiya. Da na fito ƙarfe shida in hura wuta, hazo ya rufe duwatsun bayan gidanmu, yatsuna sun ƙage har ashana ta gagare ni. Ina tsugune sai jaririn nan ya faɗo mini a rai, wata biyar da haihuwa, yana kwana kan kwali a shagon mai abinci a Gada Biyu. Na gode wa Ubangiji da daren jiya ya zama na ƙarshe.

Uwarsa shekararta 19. Daga wani ƙauye a wajen Mangu take, rikicin 2023 ne ya koro su, aka ƙone gidansu, ta zo wurin gwaggonta a nan cikin gari. Wani ya yi mata alkawarin aure, da ciki ya fito ya kashe waya, ya ɓace. Mijin gwaggon ya ce ba za a haifi ɗa marar uba a gidansa ba. Tun daga nan take wanke-wanke a shagon, in an tashi da dare ta share ƙasa ta shimfiɗa kwali. A bencin baya na majami'armu na fara ganinta. Ana cewa amin take ficewa, kada kowa ya tambaye ta komai.

Kafin mu kai ga yau an sha fama. A taron zumuntar mata na makon jiya, ni da nake riƙe da littafin kuɗi na kawo maganar mu kama mata ɗaki daga asusun gwauraye. Wata mama, wadda nake ganin girmanta ƙwarai, ta miƙe ta ce kuɗin nan an tara su ne domin matan da mazansu suka mutu, in muka fara ba wa wadda ta haihu ba aure, me muke koya wa 'yan matanmu? Ba na ganin laifinta. Mijinta ya rasu a rikicin Satumbar 2001, ita kaɗai ta riƙe yara biyar da suyar ƙosai, ta san zafin kowace naira. Amma na ce mata, Mama, horo aikin dattawan ikilisiya ne, kuma sun yi, yarinyar ba ta cin jibin Ubangiji, tana zama a baya. Shi jaririn fa, wa ya sa shi ƙarƙashin horo? Wanda ya yi cikin kuma yana can yana yawonsa, ba wanda ya kira shi gaban dattawa.

Matar Fasto ce ta buɗe mana Littafin Farawa sura 21, inda Hajaratu ta fita da gurasa da salkar ruwa, ruwan ya ƙare a jejin Biyer-sheba, ta ajiye ɗanta ƙarƙashin wani ɗan itace ta koma nesa don kada ta ga mutuwarsa. Ta ce mu duba da kyau, Hajaratu ba gwauruwa ba ce, uban ɗanta yana da rai, korarriya ce, kuma Allah ya ji kukan yaron. Ɗakin ya yi tsit. Aka ɗaga hannu, masu goyon baya suka fi yawa da kaɗan.

Ni abin da ya tsaya mini tun da daɗewa shi ne wata ziyara da muka kai Mashiah Foundation a nan Jos. Suna da gida mai suna Bezer, sunan ɗaya daga cikin biranen mafaka shida na Tsohon Alkawari, inda suke ajiye mata masu ɗauke da cutar HIV da 'ya'yansu, suna koya musu ɗinki. A can na gane cewa wurin kwana ne farko. Macen da ba ta san inda za ta kwantar da ɗanta da dare ba, ko keken ɗinki goma ka ba ta, hankalinta ba zai zauna a kan allura ba. Mu ba mu da gini irin nasu, sai baiko da mudun masara da kowace mace take kawowa ƙarshen wata.

Yau ƙarfe tara muka haɗu a kasuwar Katako ni da yarinyar. Mun sayi bargo na gwanjo mai kauri, da rigunan sanyi biyu da hula na jariri, da ƙaramar katifa. Komai ya tashi tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, har mai keke sai da muka yi ciniki kamar za mu sayi keken. Ita dai tana biye da ni, duk abin da na ɗaga sai ta ce, "Mama, ya yi tsada, a bari."

Ɗakin yana Tudun Wada, can sama, inda keke ba ya iya hawa sai an ƙarasa da ƙafa a tsakanin duwatsu. Shi ne gida na huɗu da muka nema. Ukun farko duk tambaya ɗaya suka yi, ina mijinta, da suka ji babu sai ɗakin ya zama an riga an kama. Wannan baban ma ya tambaya. Mama shugabar zumunta ta ce, "Baba, zumuntar mata ce ta tsaya mata. In an yi ba daidai ba, mu za ka nema." Ya dube mu, ya dubi jaririn da ke barci a bayanta, ya karɓi kuɗin shekara, ya rubuta rasit.

Ɗaki ɗaya ne, siminti ya fashe a wajen ƙofa, taga ɗaya da aka toshe rabinta da langa-langa, banɗaki na haɗaka a tsakar gida. Na miƙa mata kwaɗo da mabuɗi. Ta fita waje, ta ja ƙofar, ta kulle, ta buɗe, ta sake kullewa, har sau uku, ba ta ce uffan ba. Sannan ta zare wani zare daga bakin zanenta ta rataya mabuɗin a wuya, ta tura shi cikin riga. Na juya na kama shimfiɗa katifa don kada ta ga idona.

Wajen ƙarfe biyu sai ga maman nan da ta ƙi ɗaga hannu, tana haki saboda hawan dutse, jikanta na biye da ita da kurfoti da ƙullin gawayi. Ba ta zauna ba. Ta ce wa yarinyar, "'Yata, ki ji ni da kyau. Duk tsananin sanyi kada ki shiga da garwashi ɗaki ki rufe ƙofa ki kwanta. Yana kashe mutum cikin barci, ba ya ko tashe shi." Ta kwance goyon ta duba cibiyarsa da bakinsa, ta tambayi katin rigakafi. Ashe tun ta ranar haihuwa ba a sake yi masa allura ba, ta sati shida da ta goma da ta sha huɗu duk sun wuce. Ta yi faɗa sosai. Da za ta tafi ta ja ni gefe ta ce ra'ayinta yana nan, kuɗin gwauraye na gwauraye ne, in za mu ci gaba da irin wannan sai mu buɗe asusu daban, kuma ita za ta fara sakawa. Ina ganin tana da gaskiya, zan kai maganar taro.

Mun dafa gwate a tsakar gida, maƙwabciyarta ta ara mana tukunya, muka ci, muka yi addu'a, muka sauko kafin duhu.

Yanzu na gama shigar da lissafi. Abin da ya rage a asusu ba zai kama wani ɗaki ba, ga kuma wata mai yara uku a Angwan Rukuba da mijinta ya tafi haƙar ma'adinai shekara biyu ke nan ba labari, mai gida ya ba ta zuwa ƙarshen wata. Litinin da safe zan raka yarinyar asibitin unguwa a yi wa jaririn allura, daga can mu wuce wurin telar da ta yarda ta koya mata ɗinki da goyonta. Na manta ban saya mata fitila ba, gobe sai in tafi mata da tawa majami'a.