Kwaɗon shafin Alhaji

Talata. Ko karin kumallo ban yi ba wayar Alhaji, mai shagon da nake kula wa da shafin intanet, ta shigo. Wani abokin cinikinsa na Maraɗi ya buɗe shafin shagon zai duba sababbin shaddodi, sai burauza ta tare shi da gargaɗi cike da fuskar waya, wai haɗin ba amintacce ba ne. Mutumin ya tsorata ya rufe, ya kira yana tambaya ko an yi wa shagon kutse.

Ba kutse ba ne. Takardar shaidar tsaron shafin ce wa'adinta ya ƙare. Ta Let's Encrypt ce, wata ƙungiya mai ba da irin wannan takarda, kyauta ake ba da ita, amma kwana 90 take yi a sabunta, kuma na'urar kamfanin da ke ajiye shafin ce ya kamata ta yi hakan da kanta, ba ta yi ba. Kafin hantsi na sabunta, kwaɗon shafin ya dawo, wato https, haɗin da ke ɓoye bayanai tsakanin mai ziyara da shafi.

Da azahar na je Kantin Kwari, don ya ce yana son mu yi magana ido da ido. Ashe wani yaro ne ya gaya masa wai idan ya sayi takardar shaida mai tsada, Google zai ɗaga shafinsa zuwa sahun farko. Ya ce, "Malam, in kuɗi ne a faɗa mini, kada a bar ni a baya."

Na ce, "Alhaji, ku riƙe kuɗinku." Na yi masa bayani gwargwadon iko. Gaskiya ne a watan Agusta na 2014 Google ya sanar cewa zai riƙa la'akari da https wajen jera sakamakon bincike. Amma a sanarwar kanta sun ce alama ce mara nauyi, wadda a lokacin ba ta shafi ko kashi 1 cikin 100 na binciken da ake yi a duniya ba, kuma ingancin abin da ke cikin shafi ya fi ta nauyi. Daga baya Gary Illyes na Google ya bayyana ta da mai raba gardama: idan shafuka biyu sun yi kunnen doki, mai tsaron ne zai sha gaba. Yanzu kuwa kusan duk wanda Alhaji ke gogayya da shi yana da https. Kuma ɓoye bayanan da takardar shaida ta kyauta ke yi shi ne wanda ta kuɗi ke yi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, shi ne yadda maganar ta koma ta matsayi a Google kawai. A shafin nan akwai wurin da mai saye ke rubuta sunansa, lambar wayarsa da adireshin da za a kai masa kaya. Da yawansu mata ne masu haɗa kayan lefe. Idan babu ɓoyewa, bayanan nan a fili suke tafiya kamar wasiƙar da ba a sa a ambulan ba, wanda ke kan waifai ɗaya da su zai iya karantawa, har ma a cusa wani abu cikin shafin kafin ya iso gare su. Amana ce suka ba shi. Da na faɗi haka sai ya yi shiru, ya ce shi bai taɓa kallon abin ta nan ba. Na ƙara masa da cewa tun watan Yuli na 2018 burauzar Chrome take lika wa duk shafin http, wato wanda ba ya ɓoye bayanai, tambarin rashin tsaro, kuma wanda ya ga haka ya juya, ciniki ya tafi ko da shafin na saman jeri.

Da na dawo gida bayan la'asar na zauna na bi shafin sosai, na tarar da abubuwa biyu. Hotunan wasu atamfofi ta tsohon adireshin http ake ɗauko su, abin da ke sa burauza ta ƙi nuna wasu. Sannan tsohon adireshin yana nan yana buɗewa da kansa, shafi ɗaya da ƙofa biyu a idon injin bincike. Na sa turawa ta dindindin, wato 301, duk mai zuwa ta http ya faɗa https, na gyara taswirar shafin, wato jerin adiresoshin da ke cikinsa, na miƙa ta a Search Console, dandalin Google na masu kula da shafuka. Wannan kam yana taɓa matsayi, domin mahaɗan da wasu suka yi wa tsohon adireshin za su tattaru wuri guda.

Amma ainihin abin da ke danne shafin ban taɓa shi ba tukuna. Hotuna ne zalla, babu rubutu. Babu sunan shadda, babu yadi nawa, babu farashi, babu ko kalmar Kano. Mai neman Getzner a Google ba zai same shi ba, komai ƙarfin tsaronsa. Na kira shi bayan isha'i na gaya masa. Ya ce in zo ranar Alhamis da safe kafin kasuwa ta cika, zai sa yaran shago su fito da kayan ɗaya bayan ɗaya, shi yana faɗin suna da farashi ni ina rubutawa.