Wa Ya Ba Ki Labarin Suyuan?

A zangon da muka karanta littafin Amy Tan, The Joy Luck Club, wanda ya fito a 1989, ni aka ɗora wa gabatar da labarin Jing-mei da mahaifiyarta Suyuan. Na shiga aji na riga na yanke hukunci: laifin uwar ne. Ta kafe lallai sai yarinya ta zama gwanar fiyano, ta haɗa ta da wani tsohon malami kurma, kuma kullum tana gwada ta da Waverly, 'yar ƙawarta mai cin gasar darar ches. Har ranar da Jing-mei ta ce da ma ta mutu kamar 'yan'uwanta tagwaye da uwar ta baro a China, ban ga laifinta ba, na ce tura ce ta kai bango.

Malamarmu ta bari sai da na dasa aya, sannan ta ce, "To, wa ya ba ki labarin Suyuan?"

Na yi tsuru-tsuru. Uwaye huɗu ne a littafin, 'yan China da suka yi ƙaura zuwa San Faransisko. Uku suna ba da labarinsu da bakinsu, da zance mai zurfi. Suyuan kuwa ta rasu tun kafin a buɗe littafin, 'yarta ce ta gaji kujerarta a teburin wasan majong. Kusan duk abin da na sani a kanta daga bakin 'yar ya fito, da gurguwar Turancin uwar da 'yar ke jin kunyarsa. Matar da ta gudo daga birnin Kweilin na China lokacin yaƙin Japan, ciwo ya kayar da ita har ta ajiye tagwayenta jarirai a bakin hanya, ita na tsaya ina kira mai takura. Shaida ɗaya na saurara, kuma wallahi ko a jikina.

Daren nan na koma babin liyafar sabuwar shekara, wanda da na tsallake da gudu. An dafa ƙaguwa, kowa ya zaɓi mai kyau, saura biyu, ɗaya ƙafarta a gutsure. Jing-mei ta kai hannu ga nakasasshiyar, uwar ta hana, ta ce ta ɗauki babbar. Babu wata kalmar so a wurin, ko ɗaya. Suyuan ta ɗauki tata ta shinshina, ta shiga kicin da ita, ta zubar.