Ranar da laimar injin ta kusa tafiya da hannuna

Ni dai a Panteka ta Kaduna na fara taɓa ƙarfe, a kan tsohon injin milin na hannu, wanda in za ka canza kota, wato bakin da ke yankan ƙarfe, sai ka tsayar da shi, ka ɗauko sifana ka kwance da kanka. Da na samu aiki a wani wurin ƙere-ƙere a Kakuri aka ɗora ni kan injin CNC, wato mai aiki da kwamfuta, abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake canza tul (kota ko diril) da kansa. Ka rubuta T5 M06 kawai, wato umarnin ɗauko tul mai lamba biyar, sai ka ji fssss, ƙwas, ya ajiye wancan ya ɗauki wannan. Satin farko har bidiyo nake yi ina tura wa abokai a WhatsApp.

Namu irin mai laima ne, wato faifai mai gurabe 20 da ke gefe a cikin injin. In lokacin canji ya yi sifindil, wato sandar da ke riƙe tul tana juya shi, zai tsaya ya juya ya daidaita kansa a wuri ɗaya (shi ne umarnin M19), kan injin ya hau daidai tsayin canji, laimar ta matso ta kama wuyan holda, wato marikin tul, a saki tul ɗin, kan injin ya ɗaga, laimar ta juya zuwa lambar da aka kira, kan ya sauko ya damƙe, ta koma gidanta. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙu, kuma iska ce ke tura laimar, iska ce kuma ke danne sifirin ɗin da ke riƙe da tul a cikin sifindil. Na san haka a baki tun ranar farko, amma sanin bai shiga jikina ba.

Wata ranar Talata da rana aka ɗauke wuta, muka koma janareta, kwamfiresa bai gama tara iska ba ni kuma ina sauri saboda mai aikin yana zaune a waje yana jira tun safe. Na tayar da firogiram, da aka zo canjin tul laimar ta taho ta tsaya a rabin hanya, shiru. Ƙofar kuwa dama an daɗe da yi wa makullin tsaronta dabara don a riƙa buɗewa injin na aiki, abin da yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci. Na buɗe, na leƙa, na ga kamar wani guntun ƙarfe ya maƙale a hanyarta, sai na zura hannu zan cire. Ban ankara ba na ji an fizgo rigata ta baya da ƙarfi har na kusa faɗuwa. Oga ne. Kafin in buɗe baki iskar ta kai, laimar ta ƙarasa tafiyarta, gwaf, daidai inda wuyan hannuna yake.

Bai yi min tsawa ba, wallahi da ma tsawar ya yi. Cewa ya yi, "Kai ɗan nan, wa ya ce maka ta mutu? Jira take yi." Na ce Oga ka yi haƙuri, ya ce ba ni za ka ba haƙuri ba, gyatumarka za ka ba.

Daga nan ya zaunar da ni ya nuna min geji. Injin na son matsin iska wajen 6 zuwa 7 a ma'aunin "bar", ranar kuwa allurar ko kusa ba ta kai ba lokacin da na danna. Umarnin da na ba shi yana nan bai soke ba, ƙarfin cikawa ne kawai babu, da ya samu ya cika. Ya ce in canji ya tsaya a tsakiya, danna jan maballin gaggawa ne farko, sannan a karanta abin da allon ya rubuta, a bi matakan dawo da shi da ke cikin littafin injin ɗaya bayan ɗaya. In kuma dole sai hannu ya shiga, a kashe babban suwic a sa masa kwaɗo makullin a aljihunka, a rufe iska a sace wadda ta rage a bututu har geji ya faɗi sifili. Kashe wuta kaɗai ba ya fitar da iskar da ke cikin silinda, nan ne da yawanmu muke ruɗuwa.

Sauran abubuwan a hankali na tsince su, wasu da asara. Injin ba shi da ido, abin da ka faɗa masa shi ya sani. A irin mai laima, gurbin tul ɗin da ke cikin sifindil dole ya zauna fanko don nan zai dawo. Wani abokin aikina ya ga gurbi babu komai ya cusa diril a ciki, aka zo canji ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, yatsun gurbin suka karye, muka yi kusan sati uku muna jiran kaya daga Legas. Ni kuma nawa wautar, na kira T4 na bar G43 H3 a layin, wato tsayin wani tul daban, kota ta nutse cikin bais ɗin da ke damƙe da aikin. Tun ranar duk sabon firogiram layi-layi nake tafiyar da shi, gudun a ƙasa, yatsana a kan maballin tsayarwa.

Sai ɗan ƙarfen nan da ake ɗaurawa a ƙeyar holda, fulstod, wanda sifindil ke kamawa ya ja. Ƙarami ne amma shi ke riƙe da komai. Akwai mai digiri 45, akwai 60, akwai 90, a ido kusan ɗaya suke, kuma na holda samfurin BT40 zarensa M16 ne na milimita, na samfurin CAT40 na inci ne. In ka sa wanda ba na injinka ba, ko wanda ya tsage, tul na iya ficewa yana juyi dubbai a minti. Babbar kota mai faɗi kuma a bar mata gurbin dama da hagu fanko.

Kaduna ma tana da nata. Da hunturu ƙura ke kwanciya a jikin holda, in ba ka goge da tsumma mai tsabta ba tul ya zauna a karkace ko ya maƙale ya fita da ƙara. Da damina ruwa ke taruwa a tankin kwamfiresa ya bi bututu ya shiga bawul, don haka kullum da safe sai na tsiyaye shi kafin in taɓa komai.

Makullin ƙofar dai an gyara shi a satin da abin ya faru, Oga da kansa ya tsaya a kai. Yanzu an kawo mana wani yaro ɗalibi mai koyon aiki (IT) daga Kadpoly, jiya na gan shi ya ɗaga waya yana ɗaukar laimar bidiyo, na ce ƙanena in ka gama zo in nuna maka geji.