Hirar masu lambun gida a farkon hunturu

Duk wanda ya yi aikin gona a ƙasar Kabi ya san cewa tsakanin ƙarshen kaka da shigowar bazara akwai 'yar tazara da ba ta wuce wata huɗu ba, kuma a cikinta ne tumatir da albasa da latas da karas da kabeji suke samun irin yanayin da suke so. Iskar hunturu takan fara kaɗawa daga arewa maso gabas cikin watan Nuwamba, dare ya yi sanyi, danshin da ke jawo cutar ganye a damina ya ja da baya. Kafin Maris ya yi nisa rana ta dawo da ƙarfinta, a Afrilu kuwa zafin Birnin Kebbi yakan haura digiri 40. Wannan duka na karanta shi tun ina makaranta, na kuma rubuta shi a takardar jarrabawa. Yadda ake tafiyar da lambu da wannan lissafin kuwa, a bakin matan da ke da fangali biyu ko uku a bayan ɗaki na ji shi.

Ni malamar gona ce, kuma da yake mace ce ni, ina shiga inda abokan aikina maza ba sa shiga. Lambun da nake gani ba irin na fadamar Argungu ko Jega ba ne, mai injin ban ruwa da 'yan ƙwadago. Wata nata a gefen rijiya yake, wata a tsofaffin buhuna ta jera shi jikin katanga, wata a fasasshen baho da tayar mota. Abu na farko da aikin ya koya mini shi ne, in an kafa rumfa an jera kujeru an ce yau taron horaswa, ba mai faɗa miki gaskiyar lambunta. Kowa "to, Malama" za ta ce, a sha lemo a watse. Amma ki same su da hantsi a farkon sanyi, an shimfiɗa tabarma inda rana ke bugawa, wata na ɓarar gyaɗa wata na tsinkar zogale, ki zauna ki sa hannu a tiren, nan za ki ji komai.

"Ina sanyi, Inna?"

"Sanyi lokacinai na, ɗiyata. Zamna ki ga abin da ƙadangaru sunka yi min."

Haka hirar take farawa, daga ƙorafi. Na daɗe ina lura da tambayar da suke fara yi wa juna idan wata ta kawo kukan tumatir ɗinta. Mu da muka yi boko, wane iri ne kika shuka muke tambaya, wane taki kika sa. Su kuwa cewa suke yi: yaushe kika yafa? Sai daga baya na gane cewa tasu tambayar ta fi tamu zuwa ga gindin maganar. Tumatir yakan yi kamar mako huɗu a wurin reno kafin a dasa shi, ya yi wajen wata guda ya fara fure, sannan 'ya'yan su ɗauki nasu lokacin kafin su nuna. Wadda ta yafa iri a farkon Nuwamba, furenta zai fito a tsakiyar sanyi, ya kama lafiya, ta yi ta tsinka a Fabrairu. Wadda ta bari sai Janairu, furenta da zafin Maris zai haɗu. In zafin rana ya kai wajen digiri 35, dare ma bai huce ba, garin furen tumatir lalacewa yake yi, furen ya kakkaɓe. Itacen zai yi kore shar, ganye har ya ba da sha'awa, ba ɗa ko ɗaya. A nan ne ake zagin mai sayar da iri, wata ma ta ce bakin maƙwabta ne. Wata dattijuwa da nake ziyarta ba ta ɓata bakinta a kan wannan. Kallon shukar take yi ta ce, "Makara ta, ba wani abu."

Latas ma haka. Sanyi yake so, da ya ji zafi sai ya miƙe ya yi tsiri ya fitar da fure, ganyen ya yi ɗaci. Irinsa ma in ƙasa ta yi zafi ƙin tsirowa yake yi. Karas ba a dasa shi, inda zai zauna nan ake yafa shi, in ya tsiro a rage masa cunkoso, kuma wannan ragewar ita ce abin da matan suka fi jin ciwon yi, don gani suke asara ce a cire shuka mai rai. Akwai kuma waɗanda ba sa shiri da sanyin ko kaɗan. Kuɓewa in an shuka ta a Disamba tsugunawa take yi wuri ɗaya, ba ta mutu ba, ba ta girma ba. Alayyafo ma yakan rage sauri. Zogale yakan fara zubar da ganye, shi ya sa mai hankali tun kaka take shanya nata a inuwa ta adana don kwaɗo. Yakuwa ta gama nata, ana ɓarar soɓo.

'Yan matan gidan da ke kallon bidiyon lambu a waya sukan shigo hirar da nasu, su ce sun ga wata a Ingila tana lulluɓe shukarta a Disamba, tana kwashe tukwanen fure zuwa cikin ɗaki. Can sanyinsu ƙanƙara yake saukarwa, ya daskarar da ruwan jikin ganye ya kashe shi, saboda haka shigowar sanyi rufe lambu ne a wurinsu. Mu nan buɗe shi ne. Nakan ce musu su kalla don nishaɗi, amma kada su ɗauki kalandar mutanen can.

Albasa ita ce hirar da ba ta ƙarewa, kuma ba mamaki, tunda Aliero na nan kusa, garin da albasarsa ke cika manyan motoci zuwa kudu har da ƙasashen maƙwabta. Kusan kowace unguwa akwai wadda ke da ɗan'uwa ko suruki a can, kuma daga wurinta dashe yake yaɗuwa. A wajen waɗannan matan na koyi abubuwan da na fi amfani da su yau. Irin albasa ba ya jure ajiya, wanda ya kwana shekara, rabinsa ma da ƙyar ya tsiro. Kafin a yafa sai a ƙirga ƙwaya goma a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye shi da danshi kamar mako guda a ga nawa suka fasa. Dashen yakan yi mako shida zuwa takwas a wurin reno, sai ya kusa kaurin fensir ake cire shi. Wadda ta yi ta zuba takin yuriya har albasar ta fara ƙwai, za ta sami mai kaurin wuya, kyakkyawa a ido, amma ba ta ajiyuwa, ruɓewa take yi tun daga wuyan. In ganye ya fara kwantawa, a janye ruwa a bar ta ta sha iska kafin a cire. Manoman Aliero da ke zuba albasa a rudu, wato wurin ajiyarta, su jira tsada sun san wannan sarai, don kuɗinsu ne ke ruɓewa. Mai lambun gida kuwa sau da yawa ba ƙwan ne ma ya dame ta ba, lawashi take so na miya, abin da ya ragu ta daka ta shanya ta yi gabu. Da na fahimci haka sai na daina yi wa kowa wa'azin tazarar dashe. Wadda lawashi take nema, ta cunkusa abinta, ba laifi.

Sai maganar ruwa. Mutum zai zaci da sanyi shuka ba ta jin ƙishirwa, alhali busasshiyar iskar nan ta fi rana zuƙe ƙasa. Abin da take yi wa leɓe da diddige, shi take yi wa ɗanyen dashe. Lambun da aka kare da zana ko darnin kara ta ɓangaren da iskar ke fitowa, da wanda aka bari a fili, ko makaho ya shafa ya san da bambanci. Darnin kuma yana tare awaki da kaji. Ƙadangaru ne ba ya tarewa, su sai tsohon gidan sauro, wanda yanzu da wuya ki shiga gida mai lambu ba ki gan shi a kife kan wurin reno ba. Nakan dai tambaya in tabbatar tsohon ne da ya yage, ba wanda yara ke kwana a ciki ba.

Tun da noman shinkafa ya ƙara bunƙasa a jihar, musamman bayan shirin bai wa manoma rance da aka ƙaddamar a nan Kebbi a 2015, buntun shinkafa ya wadata a bakin injina. Matan sun gano amfaninsa da kansu: a baza shi saman fangali, ƙasa ta daɗe da danshi. Abin da nake ƙara musu kawai shi ne kada a cuɗa ɗanyensa cikin ƙasa, don wajen ruɓewarsa yakan janye abincin da shukar za ta ci, ganye ya yi rawaya. A sama ake barinsa, ko a babbaka shi ya yi baƙi tukuna. Na kuma ga wadda ta binne tulu marar fenti har wuya a tsakiyar fangali, tana cika shi da ruwa ta rufe bakin, ruwan na tsattsafowa a hankali zuwa saiwoyi. Ruwan alwala duk a lambu yake ƙarewa, wannan daidai ne. Na wankin kaya mai kumfa ne nake hanawa, don a kwana a tashi yakan ɓata ƙasa.

Gardamar ko da safe ake ban ruwa ko da yamma, na ji ta a gidaje ba iyaka, ban taɓa ganin an rabu an yarda ba. Ni a ganina wannan ba shi ne abin faɗa ba. Abin da ke ɓata tumatir shi ne yau a cika shi da ruwa, a yi kwana uku ba a waiwaye shi ba saboda biki, a dawo a sake malale shi. Daga nan ne gindin 'ya'yan yake yin baƙi ya lotsa, a ce cuta ce a tafi sayen magani, alhali ba ƙwaro ba ne, rashin daidaiton ruwa ne.

Ba duk abin da ake faɗa kan tabarma ne gaskiya ba, kuma a nan aikin yake da wuya. Dashe kyauta ake bayarwa tsakanin maƙwabta, abin kunya ne a ce an sayar, amma tare da ƙasar da ke jikin saiwar ake raba tsutsar da ido ba ya gani, wadda ke sa saiwa ta yi ƙulle-ƙulle shukar ta yi yaushi ko da ruwa a gindinta. Ana matse tumatir mai kyau da aka sayo a kasuwa a shanya 'ya'yan a ce an sami iri, ba a san cewa in na aure ne, wato wanda aka haɗa iri biyu aka samar da shi, ba lallai 'ya'yansa su biyo shi ba. Ana zuba ɗanyen kashin kaji a gindin dashe ya ƙone shi. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne maganin feshi. Tun 2016 da tsutsar nan da ake kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da wasu jihohin arewa har tumatir ya gagari talaka, tsoro ya shiga mutane, da an ga zane a jikin ganye sai feshi. A gida kuwa ragowar maganin da maigida ya dawo da shi daga gonar shinkafa ko wake ake ɗauka, a zuba a robar lemo, a ajiye kusa da madafa inda yaro zai iya kaiwa. A fesa wa latas yau, jibi a yanka shi ɗanye da ƙuli-ƙuli.

Yadda ake gyara irin wannan ba a koyar da shi a aji. Ba a ƙaryata dattijuwa gaban surukarta, ba a nuna wa uwargida kuskure amarya na zaune. In kika yi haka, ko gaskiyarki ta kai ina, an rufe miki ƙofar gidan, da ta maƙwabta ma. Abin da nake yi shi ne in ce, "Gwaggo, mu raba fangalin nan biyu, rabi yadda kika saba, rabi mu gwada wani abu." A daka 'ya'yan dogonyaro a jiƙa su kwana, a tace, a yayyafa da yamma, a riƙa tsinke ganyen da tsutsa ta shiga ana binnewa. Gani ya kori ji. In ya yi kyau, ita da kanta za ta ba da labari a gidan suna, kuma ba za ta ce Malama ce ta koya mata ba, cewa za ta yi dama ta sani. Wannan bai taɓa damuna ba, don a bakinta maganar ta fi tafiya. A kan maganin feshi kusa da abinci da yara ne kawai ba na jiran gwaji. Nakan ja matar gefe in faɗa mata kai tsaye, in kuma nemi ta yi wa maigidan magana ya mayar da robar inda ta fito.

Saboda duk wannan na sauya yadda nake tsara zagayena. A da sai sanyi ya kankama nake fara shiga gidaje, lokacin da lambu ya yi kyan gani. Yanzu tun Oktoba nake farawa, ana tsaka da aikin kaka, don a lokacin ne maganar yafa iri take da amfani. Ƙunshin iri guda ya fi ƙarfin lambun mace ɗaya, saboda haka nakan haɗa gida huɗu ko biyar su yi karo-karo su saya, ɗaya ta rena, in ya isa dashe a raba. Wadda za ta rena su ne suke zaɓenta, ba ni ba, kuma kusan kullum mai rijiya a gida suke ɗauka. Zuwa ƙarshen Disamba, mangwaron tsakar gida ya fara fure, wadda ba ta dasa tumatir ba tukuna nakan ce ta haƙura da shi bana, ta gyara wurin ta zuba ruɓaɓɓen takin shanu, ta jira sanyi ya sassauta a Fabrairu ta sa kuɓewa da alayyafo.